Kafintan da Ya Sa wa Abincinsa Sakata

An yi wani mutum a cikin birni, kafinta. Ba zan faɗi sunansa ba, ya 'yan uwa, kuma kada wani ya tare ni bayan mun tashi ya ce, "Malam, ko wane ne?" Ku riƙe labarin, ku ƙyale mutumin.

Kafinta ne na gaske. Idan ya haɗa maka tebur, har jikanka sai ya ci abinci a kansa. Ya koyi sana'ar a hannun wani dattijo da ake kira Baba Mai Zarto, shekara tara yana ƙarƙashinsa. Da Allah ya buɗa wa kafintan ya kama nasa wurin, sai dattijon ya rufe ɗan shagonsa ya dawo wurinsa, ya zama babban ma'aikaci. Bai ga faɗuwa a cikin haka ba. Cewa yake yi, wanda ya dasa itace ba ya jin kunyar zama a inuwarsa.

Wurin aikin wata doguwar rumfar kwano ce a bayan layin masu sayar da fenti. Injin yanka katako a bakin ƙofa, teburan aiki a jere, garin katako har idon sawu. Su goma sha ɗaya ne, duk magidanta.

Da azahar ta yi sai a kashe inji. A yi salla, a dawo a tarar matar maigidan ta aiko da manyan kuloli biyu. Wata rana shinkafa da miya, wata rana wake, wata rana taliya, da ɗan nama idan an samu. Sai a share tebur ɗaya, a juye a manyan farantai, kowa ya wanke hannu ya matso, har da maigidan. Baba Mai Zarto ke raba naman, kuma ba a taɓa cewa ya yi son kai ba. Akwai wani mai fenti a cikinsu da suke tsokana, suna cewa da hannunsa yana gudu a kan katako kamar yadda yake gudu a faranti, da tuni sun gama aikin shekara.

A bakin farantin nan ake sanin wanda matarsa ta kwana ba lafiya. A nan ake gane wanda ya yi loma biyu ya janye hannu, a tambaye shi abin da ke damunsa. Kada ku raina wannan, ya 'yan uwa. Masu sana'ar hannu sun san wani abu game da zaman tare wanda masu manyan takardu da yawa ba su sani ba.

Sai arziki ya zo. Aka fara ba shi aikin teburan ofisoshi da kujerun makarantu. Ya sayi mota. Ya gina bene a saman rumfar, ya yi ofis mai gilashi da labule da na'urar sanyaya ɗaki, ya ɗauki sakatariya ya ajiye a bakin ƙofa. Ma'aikata suka laƙaba masa Mai Bene. Masu ba shi aiki suka fara jan sa zuwa manyan gidajen abinci, inda ake kawo wa mutum cokula uku ya rasa da wanda zai fara.

Shin wannan laifi ne? A'a. Halalinsa ne, guminsa ne. Allah yana son ya ga alamar ni'imarsa a jikin bawansa. Ba a cikin faranti cutar ta fara ba. A zuciya ta fara.

Ya fara jin kunyar kulolin matarsa. Idan baƙo ya zo ya tarar da ma'aikata sun kewaye faranti, sai ya ji kamar an tona masa asiri. Wata safiya ya ce wa matar ta daina aikowa, wurin aiki ne ba gidan biki ba. Ta ce masa girkin bai taɓa yi mata nauyi ba. Ta ce, "Baban yara, ina tsoron kada albarkar wurin nan a bakin farantin take." Ya yi dariya ya ce albarka a cikin inji take, kuma duk lokacin da inji yake a kashe asara ce.

Aka daina. Ya rage hutun rana ya mayar da shi ɗan taƙi. Daga nan kowa ya idar da salla sai ya ruga bakin titi ya sayo burodi da lemo, ya juya wa ɗan uwansa baya ya ci a tsaye, don kada a ga ƙanƙantar abin da ya saya.

Shi kuwa Mai Bene, ga yadda cinsa ya koma. Ku saurara da kyau, don wani zai ji kamar da shi nake.

Da safe ba ya karyawa a gida, wai ba shi da lokaci. A cikin cunkoson motoci zai sayi lemon kwalba da biskit, ya ci hannu ɗaya a kan sitiyari. Da rana mai babur zai kawo masa robobi uku ko huɗu daga gidan abinci: soyayyiyar kaza, soyayyen dankali, nama mai kitse, kayan zaƙi, da lemo mai sanyi kwalba biyu. Sai ya ja labule, ya tura sakatar ƙofa. Ya kafa doka cewa idan yana cin abinci, ko gobara ce ta tashi kada wanda ya ƙwanƙwasa masa. Ya zauna shi kaɗai, ido a kan waya, hannu yana kaiwa baki, bai ma san me ya ci ba sai ya ji numfashi yana yi masa wuya. Ƙamshin kuwa yana sauka har ƙasa, inda mutane ke tura burodi da ruwa.

Ba ya cinyewa. Ina cikin da zai ɗauke? Ragowar sai kwandon shara. Wata rana sakatariyar ta ga rabin kaza ko taɓawa ba a yi ba, ta roƙe shi ta miƙa wa maigadi. Ya hana. Ya ce idan ka saba wa na ƙasa da ragowarka yau, gobe kujerarka zai nema. Ta zuba a shara tana kallo.

Da yamma kuma sai ya biya wani wurin cin abinci inda abokansa ke haɗuwa, a yi ta odar nama ana gasar wanda ya fi sanin daɗi. Ya koma gida ya ce a ƙoshe yake. Abincin matarsa ya huce a rufe a kan tebur. 'Ya'yansa suka yi shekara biyu ba su ga yadda ubansu ke tauna ba.

Jiki kuwa ba ya ƙarya. Tumbi ya fito, wuya ya cika, hawan benen da ya gina da kansa ya zama aiki. Ƙeya ta fara sara masa, jiri yana ɗibarsa. Da ƙyar matar ta lallashe shi ya je asibiti. Likita ya auna shi ya ce jininsa ya hau sosai, ga suga yana biye. Ya ce a rage gishiri da mai, a bar lemon kwalba, a riƙa taka ƙasa, a sha magani kullum. Ya yi wa matar bayanin irin abincin da za ta riƙa yi masa, ita kuwa ta rubuta komai a takarda.

Tun a mota ya ce mata ta yaga takardar. Ya ce, "Shekara talatin ina cin abin da na samu. Yanzu da zan ci abin da na ga dama, sai a ce in koma ganye? Ni akuya ce?" Maganin ya shiga aljihun tebur, bai sake fitowa ba.

Wanda bai ji bari ba, ya 'yan uwa, kun san abin da zai ji.

Wata rana aka kawo katako cike da babbar mota. Baba Mai Zarto ya duba ya ga ɗanye ne, bai bushe ba, kuma direba yana jira a sauke ko a mayar. Dole ya hau bene. Ranar ba a sa sakata ba, don akwai baƙo, wani babban mai ba da aiki, suna cin abinci tare. Dattijon ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa, garin katako a gemunsa.

Baƙon mutumin kirki ne. Ya matsar da kujera ya ce, "Baba, bismillah."

Kafin dattijon ya buɗe baki Mai Bene ya riga shi. Ya ce, "Bar shi, ranka ya daɗe. Cikinsu bai saba da irin wannan ba, kada mu jawo masa kwanciya asibiti." Ya yi dariya. Shi kaɗai ya yi ta.

Wannan fa mutumin da ya koya masa riƙon guduma ne. Wannan ne wanda shekara tara yake tura masa tsokar nama gabansa, shi ya ɗauki ƙashi.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Gaskiyarka, ɗana. Cikina bai saba da abincin da ake ja wa labule ba." Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi, cewa katakon ɗanye ne, idan aka yi aiki da shi zai lanƙwashe. Mai Bene ya ce a sauke, aiki na sauri ne. Dattijon ya ce to, ya gode wa baƙon, ya sauka.

Ku ga abin da ya yi. Bai jefar da kayan aiki ba. Bai tara mutane ya ba su labari ba. Akwai wata kujera da ya fara da safe, ya tsaya ya ƙarasa ta, ya goge ta da samfefa har ta yi santsi. Ya share teburinsa. Ya naɗe zartonsa da gudumarsa a cikin buhu, ya yi sallama da kowa hannu da hannu, ya fita da kansa a sama.

Wallahi ina alfahari da irin waɗannan dattawa. Talaka ne, amma ba a sayen mutuncinsa da cinyar kaza. Irinsu ne ƙashin bayan gari, ko da ba a san sunansu ba.

Matar ta ji labari ta roƙi mijinta ya je ya ba da haƙuri. Ya ce shi ke ɗauke da tsohon, ba tsohon ke ɗauke da shi ba, yunwa za ta dawo da shi. Yunwa ba ta dawo da shi ba. Baba Mai Zarto ya kama wata 'yar rumfa a ƙarshen layin. Cikin wata biyu mutum biyar suka bi shi, har da mai fentin nan. Da azahar kowa ya kawo ɗan abin da aka dafa a gidansa, a juye wuri ɗaya a ci. Mai Bene yakan wuce su a mota, gilashi a rufe, ya girgiza kai. Ya ɗauki sababbin ma'aikata waɗanda ba su san shi ba sai a matsayin mai tsawa daga sama.

Sai wata Talata. Mai babur ya kawo robobi kamar kullum. Aka ja labule, aka tura sakata.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi sakatariyar ta ji wani ƙara a ciki, kamar kujera ta kife. Ta miƙe ta je bakin ƙofa. Ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, sai ta tuna watan da ya wuce, ranar da ta ƙwanƙwasa don wani saƙo na gaggawa, ya zage ta a gaban mutane ya ce saura ƙiris ta rasa aikinta. Mace ce mai 'ya'ya uku, mijinta ya rasu. Ta sauke hannunta ta koma ta zauna. Wa zai ga laifinta?

Ƙarfe biyu ta yi. Ƙarfe uku ta yi. A ƙasa inji yana ta kuka. Ta ce wa kanta ƙila barci ya ɗauke shi, don yakan yi haka idan ya ci ya ƙoshi. Sai da aka kira la'asar ba ta ji motsi ba, sannan ta buga wayarsa. Ta ji wayar tana ƙara a ciki, ta yanke, ta sake bugawa. A nan ne ta fasa ihu.

Ma'aikata suka hau suka sa kafaɗa. Ƙofar ko gezau. Ƙofa ce ta busasshen katako mai kauri, Baba Mai Zarto ne ya yi ta da hannunsa lokacin da ake gina benen, kuma aikinsa ba ya karyewa don an ture shi. Maigadi, wanda aka hana rabin kaza, shi ne ya ruga ƙarshen layi da tsufansa ya faɗa wa dattijon.

Dattijon bai ce Allah ya ƙara ba. Bai ce a je a kira abokan cin namansa ba. Ya ɗauki buhun kayan aikinsa, mutanensa biyar suka bi bayansa. Ya san inda ya buga kowace ƙusa. Ya sa ƙarfe ya ɓamɓare katakon da sakatar ke shiga, ƙofa ta buɗe.

Suka tarar da shi a ƙasa, tsakanin tebur da bango. Bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa na dama ya saki, abinci ya zube a gaban rigarsa. Idonsa biyu, hawaye yana bin kunnensa. Wayar tana nan kusa da hannun da ya ƙi motsi.

Matakalar benen ƙunci gare ta. A kan falle ɗaya na katako suka ɗora shi, mutum shida suka sauko da shi a hankali, dattijon yana tallafe da kansa yana cewa, "Sannu, ɗana. Sannu, mun zo."

A asibiti likita ya ce jini ne ya hau ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ya tambayi tun yaushe ya faɗi. Da aka faɗa masa sai ya ce da an kawo shi da wuri, da akwai abin da za a iya cetowa da yawa.

Mako shida ba ya iya haɗiya. Ta roba ake zura masa abinci ta hanci, abu mai ruwa-ruwa wanda ba shi da ɗanɗano ko kaɗan. Mutumin da ke gasar sanin daɗi. Abokan teburinsa sun zo sau ɗaya da ledar lemo da ayaba, suka tsaya daga bakin gado suna duba agogo. Ba a sake ganinsu ba.

Yana kwance katakon nan ɗanye ya nuna halinsa. Teburan da aka kai wa mutane suka lanƙwashe, ƙofofi suka ƙi rufuwa, aka yi ta dawo da kaya. Sababbin ma'aikata suka watse, don babu abin da ya ɗaure su da wurin. Kafin shekara ta zagayo rumfar ta koma hannun wani, ofishin gilashin ya zama ɗakin ajiye gwangwanayen fenti. Motar ma ta tafi.

Matar nan kuwa, Allah ya saka wa irinta. Ko sau ɗaya ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Ta ɗaura ɗamara ta fara dafa abincin sayarwa ga masu aiki a layin, da shi take riƙe da gida har yau, 'ya'yanta ba su bar makaranta ba. Ta gama da wannan ta zo ta zauna gabansa da cokali, ta ba shi nasa marar gishiri, ta goge masa baki. Idan ana lissafin jarumai a garin nan, da ita za a fara.

Na je na gaishe shi. Yana zaune a kujera a tsakar gida, magana tana fita da ƙyar, sai ka matso sosai. Ya ce mini duk awannin nan da ya yi a ƙasa, hankalinsa bai gushe ba. Ya ji takun sakatariyar ta zo bakin ƙofa. Ya ji ta tsaya. Ya yi ta ƙoƙarin ya ce ta shigo, harshe ya ƙi. Sannan ya ji takun yana komawa.

Ya ce, "Malam, ba ita ta juya ba. Ni na juya ta." Ya ce in ba mutane labarin, kada in rage komai sai sunansa, shi ma ba don kansa ba, don 'ya'yansa.

To na ba ku, ya 'yan uwa.

Kada wani ya fita daga nan ya ce Malam ya ce duk mai shanyewar jiki mai zunubi ne. Ban faɗa ba. Ciwo jarrabawa ce, yana kama salihi, yana kama waninsa. Amma wannan bawan Allah an yi masa gargaɗi ta bakin matarsa, an yi masa ta bakin likita, an yi masa ta bakin wanda ya koya masa sana'a. Girman kai ya toshe masa kunne. Ya zubar da abinci alhali mai jin yunwa yana bakin ƙofarsa. Ya wulaƙanta wanda ya rene shi. Ya ci amanar jikin da aka ba shi aro. Kuma da hannunsa ya kori duk wanda zai iya kawo masa ɗauki.

Mu da ke zaune a birni, mu dubi kanmu. Mutum nawa ne a nan suka karya yau a zaune, tare da iyalinsu? Nawa ne suka ci na rana a tsaye, ko a mota, ko ido a kan waya? Yaushe rabonka da ka ce wa abokin aikinka ya matso? Maganin da likita ya ba ka yana ina? Abin da ka zuba a shara jiya, ka tabbata babu mai buƙatarsa a layinku? Idan ka yi loma biyu ka janye hannu, akwai wanda zai lura?

Na san a cikinku akwai direbobi da masu gadi da masu ɗinki da leburori waɗanda ba sa iya cin burodi ɗaya sai sun gutsura wa na kusa. Na gani da idona. Ku riƙe wannan hali da kyau, ku ɗaga kai da shi, ku koya wa 'ya'yanku. Idan Allah ya ɗaga ku gobe, ku hau da shi, kada ku bar shi a ƙasan matakala. Gemun ɗan uwanku ya kama da wuta, ku shafa wa naku ruwa.

Ya Allah, ka ba wannan bawa naka sauƙi, ka sa abin da ya same shi ya zama kankarar zunubi. Ka saka wa matarsa da dattijon nan da mafificin alheri. Ka sa albarka a cikin abin da muke ci, ka ba mu lafiyar cinsa da zuciyar rabawa. Allah ya kiyaye mu daga ƙoshin da ke sa mutum ya manta da mutane, ya kiyaye mu daga ranar da za mu kira a rasa mai amsawa. Amin.